Yadda ake tayar da injin jet da kula da shi, tun daga ƙasa har a kashe shi

Yaranmu na Kebbi da Zamfara da ke zuwa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da ƙananan jirage masu farfela suke farawa. Injin waɗannan jirage mai fistin ne, da ka taɓa totur yake amsawa. Ranar da aka zaunar da kai a kujerar dama, ta mataimakin matuƙi, a babban jirgin fasinja, halin injin da za ka tarar dabam ne. Yana da nawa wajen amsawa, zafi ne babban abokin gabarsa, kuma ba ya yi maka magana sai ta bakin allurai da lambobi. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan rubutu shi ne ka san abin da kowace lamba ya kamata ta nuna tun kafin ta nuna, domin idan ta kauce ka gane nan take.

Na ɗauki Boeing 737 samfurin NG a matsayin misali, mai ɗauke da inji biyu na CFM56-7B, wanda kamfanin GE na Amurka da Safran na Faransa suke ƙerawa tare. Lambobin da zan kawo nasa ne. Idan jirgin da aka sa ka a kai wani ne, littafin wannan jirgin shi ne alƙali.

Mataki na farko: bi iska daga baki zuwa wutsiya

Ka tsaya a gaban injin, abin da za ka fara gani babbar fanka ce mai faɗin mita ɗaya da rabi da 'yan kai, mai fuka-fukai 24. Iskar da ta zuƙa rabuwa take gida biyu. Kashi mafi yawa, wajen ninki biyar na ɗayan, ba ya shiga cikin wuta ko kaɗan, ta gefe yake bi ya fita baya, kuma shi ne ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin da ke tura jirgi. Ɗan abin da ya rage shi ke shiga zuciyar inji.

A ciki, iskar nan za ta ratsa ƙaramin kwamfireso mai hawa uku, sannan babba mai hawa tara, kowane hawa yana ƙara matse ta har matsinta ya kai wajen ninki 30 na yadda ta shigo. A matse, da zafinta, take isa ɗakin ƙona mai, inda ake fesa mata man jirgi ya kama. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda zugazugi ke sa gawayi ya yi ja ya san dokar: yawan iska, ƙarfin wuta. Bambancin kawai shi ne a nan wutar ce da kanta ke juya mazugin. Iskar da ta ƙone tana fita da ƙarfi ta bugi tabain, wato jerin fuka-fukan da iska mai zafi ke juyawa, na farko mai hawa ɗaya, shi kuma ya juya babban kwamfireso. Ta wuce ta bugi tabain na biyu mai hawa huɗu, wanda ke juya fanka da ƙaramin kwamfireso. Wato sanda biyu ke nan, ɗaya a cikin ɗaya, ba ƙarfen da ya haɗa su, iska ce kaɗai ke tsakaninsu.

Gudun sandar fanka shi ake kira N1, kuma shi ne ma'aunin ƙarfin inji a wannan jirgi. Gudun sandar ciki shi ne N2. Idan N1 ya nuna kashi 100, fanka na juyi 5,175 a minti. N2 kuwa kashi 100 ɗinsa juyi 14,460 ne. Na uku shi ne EGT, zafin iskar da ke ratsa tabain. Ka haddace waɗannan uku, sai yawan man da inji ke sha a awa, matsin baƙin mai da zafinsa, da ma'aunin girgiza.

Tsakanin hannunka da man da ke shiga wuta akwai kwamfuta mai suna EEC, kowane inji da tasa, kowace kuma da layi biyu don idan ɗaya ya lalace ɗaya ya karɓa. In ka tura libar totur, buƙatarka kake gaya mata. Ita ce za ta duba zafin waje da matsin iska ta yanke yawan man da za a fesa.

Mataki na biyu: zagaya jirgi da idonka

A filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, abu biyu nake so ka sa wa ido fiye da yadda littafi ya nanata: ƙura da tsuntsu. Lokacin hunturu, hazo na ɗauke da ɗan yashi mai laushi da ke cin gefen fuka-fukan kwamfireso a hankali, yana kuma toshe 'yan ƙananan ramukan da ke sanyaya fuka-fukan tabain. Ba a rana ɗaya ake ganin ɓarnarsa ba, sai dai a lura EGT na injin yana ɗan ƙaruwa wata bayan wata. Tsuntsaye kuwa, duk wanda ya san fadamun shinkafa na Argungu da kewaye ya san yadda jan-baki ke tashi garke guda ya rufe sama, ga balbela, ga shirwa.

Ka leƙa bakin injin da tocila ko da rana ce. Duba fuka-fukan fanka ɗaya bayan ɗaya: akwai wanda ya lanƙwashe, ko ya tsage a gefe? Akwai jini ko gashin tsuntsu a leɓen injin? Ka sunkuya ka duba ƙasa, ɗigon mai ko baƙin mai a kan kwalta magana ce da za ka kai wa injiniya, ba wadda za ka yanke wa hukunci kai kaɗai ba. Ka tabbata maƙullan murfin injin a kulle suke. Ka zaga baya ka leƙa bututun fitar hayaƙi. Tsakuwa, kusa, ledar ruwa, duk abin da ka gani yashe a gaban inji ka sa a ɗauke.

Mataki na uku: tayarwa

Nan ne ɗalibai suka fi rikicewa, nan kuma aka fi ƙona injin mutane a banza, don haka zan daɗe a kai.

Injin jet ba ya tashi da batir kai tsaye. Iska ce ke tayar da shi. A wutsiyar jirgi akwai ƙaramin inji mai suna APU, shi ke ba da lantarki da matsattsiyar iska kafin manyan su tashi. Idan ba ya aiki, sai a jona motar iska daga ƙasa.

Kafin ka taɓa komai: famfunan mai a kunne, jar fitilar gargaɗi tana walƙiya, mutumin ƙasa ya tabbatar maka babu kowa kusa. Wannan ba al'ada ce kawai ba. Ko a mafi ƙarancin gudunsa, injin nan na iya zuƙe mutumin da ya matso cikin mita uku da bakinsa. Sannan a kashe na'urorin sanyaya ɗaki guda biyu, domin iskar APU duka ta tafi wurin sitata. Fasinjoji za su ji sanyi ya ɗauke na ɗan lokaci, a watan Afrilu kuwa za su yi gumi, amma ba makawa. Matsin iskar ya kasance wajen 30 a ma'aunin psi.

Yawanci da inji na biyu, na hannun dama, ake farawa. Ga yadda abin ke biyo juna:

A murɗa makunnin tayarwa zuwa GRD. Bawul ɗin sitata zai buɗe, fitilarsa ta kama. Idonka na kan N2, ya fara hawa. Sai ka ga N1 ma ya motsa, alamar fanka ba ta maƙale ba. Har yanzu ba mai, ba wuta, iska kawai ake turawa ta cikin injin.

Da N2 ya kai kashi 25, a ɗaga libar tayarwa daga CUTOFF zuwa IDLE. Wannan motsi ɗaya shi ke buɗe bawulolin mai, ya kuma kunna fulogi. Kada ka yi gaggawa a nan. In ka zuba mai alhali iskar da ke ratsa injin ba ta isa ba, wutar za ta kama babu abin da zai sanyaya ta, tabain ne zai sha. Idan sitata ta yi iya ƙoƙarinta N2 bai kai 25 ba, littafi ya yarda a ba da mai matuƙar ya kai kashi 20, ƙasa da haka a'a.

Yanzu hannu ya zauna a kan libar, ido ya koma kan EGT. Cikin daƙiƙa 15 dole ya fara hawa. N2 ya ci gaba da tashi ba tsayawa. Matsin baƙin mai ya bayyana. Da N2 ya kai kashi 56, makunnin zai koma da kansa, za ka ji ɗan ƙas a saman kanka, fitilar sitata ta mutu. Idan bai koma ba, ka mayar da shi da hannu. Injin zai daidaita da N1 wajen kashi 20, EGT wajen digiri 400, N2 dab da kashi 60. Biyu, huɗu, shida, haka ake riƙe su a ka.

Hanyoyin da tayarwa ke lalacewa sanannu ne. Akwai mai zafi, inda EGT ke tsere zuwa iyakar tayarwa, digiri 725 a ma'aunin Salshiyas. Ba sai ya kai ba, saurin hawansa ne zai gaya maka. Iska mai bugowa daga bayan jirgi da raunin iskar APU a rana mai zafi sukan jawo shi. Akwai mai maƙalewa, inda wuta ta kama amma N2 ya tsaya a hanya ya ƙi gaba. Akwai jiƙaƙƙe, mai na zuba amma wuta ba ta kama ba, EGT shiru. Akwai kuma rashin matsin baƙin mai har injin ya daidaita. Dukkansu maganin farko ɗaya ne: liba ta koma CUTOFF. Daga nan a bar sitata ta juya injin babu mai na daƙiƙa 60, don a kore man da ya taru a kuma rage zafi. Ita ma sitatar tana da iyaka, kada ta wuce minti biyu a kowane yunƙuri.

Gaskiya ne EEC na iya yanke mai da kanta idan ta ga zafi ya wuce kima ko wuta ba ta kama ba a ƙasa. Ina jin takaicin yadda wasu ɗalibai ke jin wannan su saki jiki. Kariyar ta tayarwar ƙasa ce, idan kana sake tayar da inji a sama ba ta nan, kuma matuƙin da ya saba jiran kwamfuta a ƙasa haka zai jira ta a can.

Inji biyu sun tashi, sai a ɗora lantarkin jirgi a kan janaretocinsu, a mayar da na'urorin sanyaya ɗaki, a kashe APU. A ba injin aƙalla minti biyu yana aiki a hankali, a ga zafin baƙin mai ya fara tashi, kafin a nemi cikakken ƙarfinsa.

Mataki na huɗu: tashi, da abin da zafinmu ke yi wa inji

A bakin titin tashi ba a danna totur gaba ɗaya. A tura libobi biyu zuwa wajen kashi 40 na N1, a ɗan dakata su daidaita tare, sannan a danna maɓallin TO/GA kwamfuta ta kai su ƙarfin tashi. Dalili shi ne inji biyu ba sa tasowa daga ƙasa da sauri ɗaya. In ɗaya ya riga ɗaya, hancin jirgi zai karkata gefen titi kafin ka ankara. Wanda ba shi ke tuƙi ba, idonsa na kan ma'aunai: N1 ya kai lambar da aka lissafa kafin gudun jirgi ya kai not 60 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), EGT bai taɓa digiri 950 ba, N1 bai wuce kashi 104 ba, N2 bai wuce 105 ba.

An tsara injin nan ya ba da cikakken ƙarfinsa har zafin waje ya kai digiri 30 a daidai matakin teku. Daga nan sama, EEC za ta riƙa rage ƙarfi don kada EGT ya wuce iyaka. To, ka tuna Birnin Kebbi da Gusau a watan Afrilu da Mayu, inda zafin rana ke haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun abin da ya saba zuƙa, fiffike ma ba ya samun abin da zai dogara da shi. Sakamakon shi ne jirgi na buƙatar titi mai tsawo, ko kuma a rage kaya. Shi ya sa lissafin nauyi da ƙarfe biyu na rana ya bambanta da na bayan asuba, kuma duk kyaftin ɗin da ya ce a sauke wasu jakunkuna a irin wannan rana, lissafi yake bi.

Idan jirgi ba nauyi kuma titi na da tsawo, akan gaya wa kwamfuta wani zafi da ya fi na gaskiya, ita kuma ta rage ƙarfin tashi, ragin na iya kaiwa kashi 25 cikin 100. Ana yin haka don a tsawaita ran tabain. A zafinmu, ratar da ke tsakanin zafin gaskiya da na ɗauka ƙanƙanuwa ce, don haka kada ka kwafi lambar jiya.

Mataki na biyar: a sama

Yawancin aikin a nan sa ido ne, amma sai ka san abin da kake kallo. Mai na barin tanki ya wuce bawul na fiffike, famfo na farko, sannan ya ratsa wurin musayar zafi da baƙin mai. Dabara ce mai kyau: baƙin mai ya huce, man jirgi ya ɗumama, don a can sama sanyi na kai digiri 50 ƙasa da sifili, shi kuwa Jet A-1 a digiri 47 ƙasa da sifili yake fara daskarewa. Daga nan sai matata, famfo na biyu, na'urar awon mai da EEC ke sarrafawa, sannan bututun fesawa. Idan matata ta fara toshewa fitila za ta kama, mai kuma zai bi ta gefe ba tacewa.

Baƙin mai aikinsa shafa wa boris da giya da kwashe musu zafi. Matsinsa ya sauka zuwa 13 psi ko ƙasa, injin ba zai ci gaba da aiki ba. Zafinsa kada ya zauna sama da digiri 140, iyakarsa ta ƙarshe 155.

Ka kuma tuna inji ba tura jirgi kaɗai yake yi ba. Kowanne na juya janareta da famfon haidurolik, kuma daga hawa na biyar da na tara na babban kwamfireso ake ɗibar iskar da fasinjoji ke shaƙa, da wadda ke hana ƙanƙara taruwa. Kada ka ce ƙanƙara ba matsalar ƙasarmu ba ce. Hadarin damina na watan Agusta, da ka hau cikinsa can sama, ruwa ne mai daskarewa. Ma'aunin TAT, na zafin iskar waje da ke bugar jirgi, ya nuna digiri 10 ko ƙasa, ga gajimare ko ruwa, to makunnin tayarwa ya koma CONT don fulogi su yi ta ƙyastawa, sannan a kunna ɗumama bakin inji.

Mataki na shida: idan inji ya kawo matsala

Wani lokaci iska kan rikice a cikin kwamfireso ta dawo baya, a ji ƙara kamar harbi, jirgi ya girgiza, EGT ya yi sama. A cire totur mai sarrafa kansa, a ja libar injin baya sannu a hankali har lambobi su dawo cikin iyaka.

Idan gobara ce, ƙararrawa za ta kaɗa, makunnin wuta na injin ya yi ja. Jerin a ka yake: cire totur mai sarrafa kansa, ja libar totur ta wannan inji baya gaba ɗaya, libar tayarwa zuwa CUTOFF, ja makunnin wuta. Jan makunnin na yanke mai, haidurolik, iska da janareta a lokaci guda. In jar fitila ba ta mutu ba, a murɗa shi gefe a riƙe daƙiƙa ɗaya, kwalbar kashe wuta ta farko ta fesa. Bayan daƙiƙa 30 in tana nan, a murɗa ɗaya gefen. Kwalabe biyu ne kaɗai.

A kowane ɗayan waɗannan matakai, mai taɓawa zai ɗora hannu ya faɗi lambar injin, abokin aikinsa ya duba ya tabbatar, sannan a motsa. Ranar 8 ga Janairun 1989, wani Boeing 737-400 na kamfanin British Midland ya tashi daga Landan zuwa Belfast, fiffiken fanka na injin hagu ya karye. Matuƙan suka zaci na dama ne, suka ja shi baya. Girgizar ta lafa, saboda cire totur mai sarrafa kansa ya rage man da ke shiga injin da ya lalace, sai suka gamsu, suka kashe lafiyayyen. Wasu fasinjoji sun ga wuta a hagu, amma labarin bai isa gaba ba. Da suka nemi ƙarin ƙarfi dab da sauka, injin hagu ya mutu, jirgin ya faɗi kusa da ƙauyen Kegworth a Ingila, mutum 47 suka rasu. Ma'aunin girgiza na injin hagu yana gabansu yana nunawa. Jirgin nan na tashi da inji ɗaya lafiya lau, don haka 'yan daƙiƙun da za ka ɗauka ka karanta N1, EGT da girgiza na kowane inji ba su da wata illa. Ka kuma tambayi ma'aikatan cikin jirgi abin da suka gani ta taga.

Mataki na bakwai: sauka da kashewa

Wajen gangarowa, EEC na ɗaga mafi ƙarancin gudun inji sama kaɗan, domin idan aka fasa sauka ƙarfi ya dawo da wuri. Daga ƙasa zuwa cikakken ƙarfi injin na cin daƙiƙu da dama, saboda haka gyaran totur da wuri ake yinsa, kaɗan-kaɗan.

Da tayoyi sun taɓa ƙasa, a ɗaga libobin juya ƙarfi. Murfin injin zai zame baya, wasu ƙofofi su tare hanyar iskar fanka su karkata ta gaba. Injin bai juya da baya ba, hanyar iska ce ta canza. Gudu ya sauko not 60, a fara mayar da libobin, in ba haka ba iskar za ta kwaso yashi da tsakuwar titi ta cusa wa injin a baki, abin da a filayenmu na arewa ba ƙaramar ɓarna ba ce.

A wurin tsayawa, a tabbata injin ya samu minti uku yana aiki a hankali tun bayan sauka, don ƙarafunan ciki su huce bai ɗaya. Lokacin tafiya a ƙasa na cikin lissafin. A ɗora lantarki a kan APU ko na ƙasa, libobin tayarwa su koma CUTOFF, a ga EGT da N2 suna sauka, a jira fanka ta lafa kafin a kashe jar fitila mutanen ƙasa su matso. Duk abin da ka lura da shi a tafiyar, EGT da ya ɗara na jiya, girgizar da ta zo ta wuce, baƙin mai da ya ragu fiye da yadda aka saba, ka rubuta shi a littafin lafiyar jirgi da lambarsa da lokacinsa, sannan ka nemi injiniya ka gaya masa baki da baki kafin ka bar filin.